Sharhi a Kan Maƙalar Tinuke

Litinin, 4 ga Maris
Farfesa Oyewole, editan mujallar sashenmu, ya ba ni maƙala in yi mata sharhi. A kan mata masu rinin adire ne, zanen gargajiya na Yarbawa, a Abeokuta. Sai da na dawo ofis na lura da sunan marubuciyar: Tinuke. Ga teburinta nan kusa da nawa, ba kowa tun da ta koma Kanada bara. Ko sallama ba ta yi mini ba. A bakin masinja na ji.

Alhamis, 7 ga Maris
Marina ƙalilan ta tattauna da su, duk a unguwa ɗaya, amma ta yanke hukunci a kan garin gaba ɗaya. Na ji daɗi da na kama ta. Allah ya yafe mini.

Asabar, 9 ga Maris
Cin amala ni kaɗai a wurin Iya Sikira mai abinci. Ta ce, "Dakta, ina abokiyar musunki? Tun da ta tafi miyata ke kwana." Dariyar dole.

Talata, 12 ga Maris
Na kai sharhin. Farfesa, wanda muke kira Baba, ya karanta a tsaye, ya cire tabarau.
"Ibidun, maƙalar kika yi wa sharhi ko matar?"
Ya ce in fara da faɗin abin da ta ce, yadda ita kanta in ta karanta za ta ce e, haka nake nufi. Sai abin da ta yi daidai. Sannan inda ta gaza, da hujja. "Wannan in na buga, kin rasa ta ke nan."
Na ce, "Baba, ai na riga na rasa ta."
Ya miƙo mini takarduna kawai.

Juma'a, 15 ga Maris
Ashe taƙaita hujjarta ya fi caccakar ta wuya. Dole na bi ta a hankali, jimla bayan jimla, har na riƙa jin muryarta, yadda take jan "amma" in za ta kayar da mutum. Abin da ta rubuta a kan sinadarin rini da ke cin hannun matan nan, ban taɓa ganin wanda ya faɗe shi haka ba.
Ofis shiru. Fanka kawai.

Laraba, 20 ga Maris
Na miƙa sabo. Maganar unguwa ɗaya tana nan, ban goge ba, gaskiya ce. Sai dai na mayar da ita tambaya, irin wadda ake jiran amsarta.
Na duba ƙarfe nawa ne yanzu a Kanada. Dubawa kawai na yi.