Bindigar da Ba Ta Son Safiya

Gonar Bakin Rafi, Wushishi
Agusta, 2009

Zuwa ga aminina Gaiya, Sabon Gari, Minna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Sara da jikoki. Kada ka ce me ya hana ni bugo waya. Ka san irin kunnen da ƙarar jirgi ta bar mana tun muna reluwe, ga shi nan sai ka hau suri kafin ka sami sabis. Shi ya sa na ba Tsado direba wannan takarda.

Gaduna sun sa doyata a gaba bana, kullum sai na tarar sun tone kunya sun bar min ganye. Ka tuna bindigar toka ta mahaifina ta tsage bara. Sai yaran nan suka taso ni, Karima da ƙanenta Abdulwasiu, wai tunda uwarsu ta rasu in bar zaman daji ni kaɗai, in koma wajen Karima a Bosso. Na ce ko da igiya ba za ni ba. Daga ƙarshe Abdulwasiu ya sayo min sabuwar bindiga ya yi mata lasisi, suka ce in dai zan iya kare kaina da gonata, to in zauna.

Ba irin taka mai baki biyu ba ce. Wani ɗan akwati ake maƙala mata a ciki, a jera masa harsashi biyar. Kana harbawa ita da kanta take tofar da kwanso ta ɗauko wani, kai dai ka ja kunama.

To, shekaranjiya da sassafe, ruwa ya ɗauke ke nan, na ci karo da wani ƙaton gadu a tsakiyar gona. Na harba na kuskure. Na sake jan kunama, shiru, ta cije. Kwanson ya maƙale mata a gefe kamar taba a bakin ɗan tasha. Gaiya, ashe har yanzu ina iya hawa bishiya! Sai dai kafin in ɗage ƙafa haurensa ya shafe ni a sha-raɓa.

Naman gadun da na saba aiko maka, ni in harba kai ka ci tunda ni ba na ci, bana sai haƙuri. Ina roƙonka kada Karima ta ji. Ka gaida Sara.

Naka,
Gimba


Sabon Gari, Minna

Malam Gimba,

Gaisuwa cikin alherin Ubangiji. Mun gode wa Allah da ya bar maka ƙafar, da kuma wanda ya shuka bishiyar. Na yi dariya har Sara ta kawo min ruwa, daga baya kuma dariyar ta ɗauke. Da reshen ya karye fa?

Batun kada Karima ta ji, ka makara. Ka ba Tsado takarda, ka manta ya ga ɗingishinka. Kafin ya kashe mota a tasha, har mai sayar da kunu ta san gadu ya kore ka sama.

Ni dai ka san ra'ayina. Abin da yake da ƙarafa da yawa a ciki, wurin lalacewarsa ma yawa gare shi. Tawa baki biyu ce, in ɗaya ya ƙi, ɗayan na nan. Na tambayi wani Ndako da ke farauta ta wajen Paiko, ya ce irin taka tsirfa gare ta: ba ta son harsashi mara ƙarfi irin na tsuntsu, ba ta son datti. Wanne kake sa mata? Kana goge ta kuwa, ko ka jingine ta a bayan ƙofa tare da fartanya?

Ka wanke ciwon da ruwan gishiri, ka je asibiti a yi maka allura. Kada ka ce min ka ɗaura ganye.

Abokinka,
Gaiya


Bosso, Minna

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaishe ka cikin girmamawa, da fatan jiki ya yi sauƙi. Baba, a bakin mutanen tasha zan ji gadu ya ji maka ciwo? Wallahi ranar ko shago ban iya buɗewa ba, kuka na zauna ina yi.

Mun yi magana da Abdulwasiu. Shi duk ya damu, yana ganin da hannunsa ya sayo maka abin da ya kusa kashe ka. Sharaɗinmu da kai ba mu manta ba. Bindigar nan ita ce ta sa muka yarda ka zauna, ga shi ta ƙi ka ranar da ka fi bukatarta. Na riga na yi magana da mai a-kori-kura, zai zo Asabar ɗin ƙarshen watan gobe ya kwaso ka da kayanka. Na gyara ɗakin da ke kallon masallaci.

Na san ranka zai ɓaci. Na rasa uwa, Baba, ba zan iya zama ina jiran wani labarin daga tasha ba. Ka yafe min in na yi tsauri.

'Yarka,
Karima


Gonar Bakin Rafi
Satumba

Gaiya,

Ina gaisuwa. Na je an yi allurar, ka huta.

Takardar Karima ta iso, tun da na karanta tuwo ya daina min daɗi. Me zan yi a Bosso? In shimfiɗa tabarma ina kallon ɗalibai da masu Keke suna wucewa? Mangwaron da marigayiya ta dasa a bakin rijiya bana ya fara 'ya'ya. In na bar nan, na san ba zan daɗe ba. Tsoro nake ji, ba na gadu ba, na ɗakin nan mai kallon masallaci.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne bindigar ba kullum take ƙi ba. Ranar Laraba bayan azahar na tara maƙwabta na kafa tsohon galan, ta zazzage biyar ɗin nan tas ba ko tari. Washegari da sassafe na fita, harbi ɗaya ta cije. Na sake gwadawa da rana, lafiya lau. Maƙwabcina Kudu ya ce baki aka yi mata, in kai wa malami.

Harsashina mai ƙarfi ne. Batun gogewa kuwa ka zage ni. Duk Juma'a bayan masallaci sai na shafe ta da man kaɗanya, yadda mahaifina yake yi wa tasa, yadda nasa uban ya yi. Wannan ma na fi ba ta, don kyautar ɗana ce. Har narka shi nake yi in ɗura mata ta ciki, in zuba a akwatin harsashin don sifirin da ke turo harsashi ya ji daɗi.

In kana da dabara ka faɗa, wata ya fara nisa.

Gimba


Sabon Gari

Malam Gimba,

Gaisuwa a gurguje, Tsado na shirin tashi.

Ina karanta takardarka da ƙarfi, Sara na kan keken ɗinkinta. Da na zo kan man kaɗanya sai na ji keken ya tsaya. Ta ce, “Maimaita.” Na maimaita. Ta tashi ta ɗauko kwalbar man da take shafa wa jikoki, ta ce in sa yatsa. Da safe ne, ya daskare kamar sabulu. Ta ce, “In rana ta take ka dawo ka taɓa, ruwa zai zama. Ku maza, ko yaron da ke koyon ɗinki ba zai ɗura wa keke wannan ba.”

Na ce ai ni ma shi nake shafa wa tawa shekara da shekaru. Ta ce, “Taka me ke motsi a cikinta? Bututu biyu ne da katako.”

Ka ji fa. Bindigar mahaifinka ba ta da abin da zai ja baya ya dawo, ko tuwo ka shafa mata za ta tashi. Wannan kuwa sai ƙarfen cikinta ya yi gudu, ga shi ka cika mata ciki da abin da ke barci da safe. Babu mai baki sai kai.

Ina zuwa Asabar da kananzir da tsohon buroshi, Sara ta ba da man kekenta. Kada ka ƙara mata ko ɗigo.

Gaiya


Gonar Bakin Rafi
Satumba

'Yata Karima,

Ina gaishe ki da maigidanki da yara. Baba Gaiya ne, daga gonar babanki nake rubuto miki.

Mun kwance bindigar a kan tabarma. Abin da muka kankaro daga cikinta, mai da baƙin albarushi sun haɗu sun zama kamar ƙaro, sai da kananzir ya yi baƙi ƙirin. Babanki yana ta ba ta haƙuri kamar mutum. Muka ɗiga man keke kaɗan, muka mayar.

Tun ranar, kullum da sanyin safiya muke gwada ta. Ba zan yi miki ƙarya ba, sau ɗaya ta sake cijewa. Da muka duba, harsashin da ke sama ya lotse, don babanki yana barin akwatin a cike a jikinta kwana da kwanaki, ga zafin ɗaki. Yanzu sai zai fita yake jerawa. Daga nan ba ta sake ba. Jiya gadun nan ya dawo, babanki ya kuskure na farko kamar yadda ya saba, na biyu ya same shi. Ki faɗa wa Abdulwasiu kyautarsa ba ta da laifi. Mama Sara kuma ta sami nama.

Duk da haka ba zan rantse miki a kan ƙarfe ba. Kin yi gaskiya, bai kamata ya riƙa fita shi kaɗai ba. Ni ma tun da na yi ritaya ba abin da nake yi a Sabon Gari sai gardama da rediyo. Na yi shawara da Sara, zan zauna nan har a haƙe doya, in Allah ya kai mu baɗi in dawo tun shuka. In tasa ta cije, tawa na gefensa.

Babanki bai san na rubuto ba. Ya riga ya ɗaure kayansa a buhu saboda motarki, amma na ga ya je ya daɗe a gindin mangwaron mamanki. Magana tana hannunki, 'yata.

Naki,
Baba Gaiya


Bosso

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaishe ku kai da Baba Gaiya. Motar tana nan zuwa Asabar kamar yadda na faɗa. Za ta kawo katifa da gidan sauro na Baba Gaiya, da kwalba biyu ta man keke daga Mama Sara. Man kaɗanyan da ya rage ka shafa a ƙafarka.

Ka kwance buhun kayanka, Baba. Ka zuba min sabuwar doya a ciki, kada motar ta dawo wayam.

'Yarka,
Karima