Farfesa a Ajina

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Yuni, 1999

Maigidana Markus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya kwas ɗin naka da sanyin Jos? Mu nan lafiya lau. Patience ta fara haƙori, ta hana kowa sakat.

Bayan gaisuwa, akwai abin da ke damuna. Tun da soja suka koma bariki, jami'armu ta kafa kwamiti ya duba darussan gama-gari, waɗanda dole kowane ɗalibi ya yi, ko me yake karantawa. Ni ma ina ciki. Shugaban kwamitin, Farfesa Garzali na sashen injiniya, ya faɗa a gabana cewa darasina na tsarin mulki ɓata wa ɗalibansa lokaci yake yi. In aka soke shi, ba ni da sashen komawa, wataƙila sai mun bar Kano. Abu ɗaya na roƙe shi: ya zo ya zauna a ajin kafin a yanke hukunci. Ka sa ni a addu'a.

Taka,
Ruth

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano
Agusta, 1999

Maigidana Markus,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan tarin nan ya sake ka. Takardarka ta iso, na gode.

Farfesa ya zo! Ya tarar da ɗakin cike maƙil, wasu a kan taga, lasifika kuma ta mutu. Sai da na yi ta ɗaga murya kamar mai talla. Ina cikin bayanin aikin ƙaramar hukuma, wata ɗalibar likitanci, Safiyyah, ta tambaya ko mutanen unguwar Daurawa na da ikon tuhumar kansilansu kan kwatar da ke cika musu gidaje da ruwa. Aji ya kaure da muhawara. Can sai ga Farfesa a tsaye, yana bayanin yadda ake gina kwata, ɗalibai na ja da shi kan wanda ya kamata ya gyara. Lokaci ya ƙare, ba wanda ya tashi.

A zaman kwamiti ya ce matsalar ba darasin ba ce, cunkoso ne. Ba duka na samu ba, an rage mini sa'o'i, abin ya ɗan sosa mini rai. Amma darasin na nan. An raba ɗaliban rukuni-rukuni, kowane sashe zai ba da malami. Shi da kansa ya ɗauki rukuni ɗaya.

Jiya, a hanyarsa ta zuwa gida Tarauni, ya tsaya a ƙofarmu, yana ta sosa ƙeya. Aron littafina na tsarin mulki ya zo nema, wai bai taɓa karanta shi ba. In za ka taho ka sayo mini wani, don na ga alamar nawa ba zai dawo ba.

Patience na gaida Babanta. Ubangiji ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka mai kewarka,
Ruth