Takalmin da Habu Ya Rataye

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da roƙon Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, Inna, maganar ɗanki Habu na kawo miki, don ta hana ni sakat.

Har yanzu yana aikin kwasar shara a cikin Haɗeja, inda kika bar shi. Kin san yadda suke yi: in mota ta cika, sai ɗaya ya hau ya tattake sharar don ta ɗauki ƙari. Kullum Habu ne mai hawa, wai ya fi su nauyi.

An raba musu dogon takalmin roba. Gogan naki kuwa ya rataye nasa a ɗaki, wai sai damina in zai shiga gonar shinkafarsa ta fadama. Da silifas yake hawa.

Ranar Talata ya taka wata jarka a ƙarƙashin tsummokara, ta fashe. Ashe ruwan batir ne wani ya jefar a bola. Abokan aikinsa suka shafa masa baƙin mai, suka ɗaure da ƙyalle, a zatonsu ƙunar wuta ce. A asibiti aka ce da a ce ruwa suka yi ta kwarara masa, da bai ci naman haka ba. Na ga ƙafar, Inna. Fatar ta saluɓe har idon sawu.

Na tuna muna yara, in ambaliya ta janye muka fita tsintar kifi a cikin taɓo, kina bayansa kina cewa, "Habu, dubi ƙasa kafin ka taka." Ke kaɗai yake ji.

Ga shi yanzu robobin maganin feshi sun cika kowace bola, shi kuma ya dage sai ya koma aiki, don ya ji za a ba wani gurbinsa. Tsoro nake ji, Innata.

Jiya na ciro takalmin, na kakkaɓe masa yanar gizo na kai masa. Ya gwada, ƙafar ta kumbura, ya ƙi shiga. Ya yi dariya ya ce zai sa a mai lafiyar. Ni dai na kasa dariya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya tsare mana ƙafar da ta rage, Ya sa Habu ya dubi ƙasa.

'Yarki mai kewarki,
Dije