Tsumma da Kwalta a Jirgin Balarabe

Kawu Sale, sallama daga Makka. Ya jiki, ya ƙafar nan taka? Ya Inna da yara?

Kawu, ɗanka gwani ya kwafsa. Kafilina, Balaraben da nake wa aiki, yana da jirgin shan iska a Jidda, mai ƙaton ƙyalle da iska ke turawa. Gindinsa ya tsage, na bugi ƙirji na ce, "Ni jikan masassaƙan Yawuri ne!" Na cusa tsumma na shafe da kwalta yadda ka koya min, wai in ya sha ruwa zai kumbura ya toshe. Ashe roba ce ba itace ba, roba kuwa ba ta kumbura. Kwale-kwalenka ya fi shi mutunci wallahi.

Ran Juma'a kafilin nawa ya fita da iyalinsa, ruwa ya cika jirgin. Masunta sun tsamo su, amma ƙaramar 'yarsa har yau ba ta farfaɗo ba. Ya kira ni ya ce, "Haruna, in ta tashi ka zauna, in ba ta tashi ba..." ya kashe waya.

Ku yi wa yarinyar addu'a, sunanta Rim. Tawa ta biyo baya. A gaida Inna, kar a faɗa mata tukuna.

Ɗanka Haruna