Reshen da Ka Bari

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, ina sanar da kai cewa na cika shekara saba'in da tara. Ina nan a gidanmu na unguwar Taman Melati, a wannan ƙasa mai nisa da gida, ni kaɗai, kuma ba na neman tausayin kowa, har masu karanta wannan.

Batun itacenka ne, elm ɗin nan da ka raina a kasko bisa tsarin bonsai, wanda ya tsufa bai wuce kamu biyu ba. Tun da aka kai ka makwancinka a ƙasar nan nake kula da shi. Ina rage saiwarsa, ina aske tohonsa, ina kwance wayar da ke ɗaure rassansa kafin ta ci ɓawo.

Ka tuna reshen ƙasa da ka hana a taɓa? Kakan ce, "A bar shi ya yi ta tafiya har gindin ya yi kauri, sannan a cire." Ka rasu ba ka cire ba.

Na koyar da ilimin tsirrai tsawon rayuwata, na san reshe haske yake bi. Sauran duk suna fuskantar baranda. Shi kuwa wannan, ɗaki yake shigowa, wajen kujerata.

Na juya kaskon. Kafin sati ya zagayo ya lanƙwaso. Na mai da kujerar bakin ƙofa, ya biyo ta.

Ban gaya wa 'yarmu Rabi ba. Da ma tana neman hujjar mai da ni Kano, ta ce hankalin Mama ya fara taɓuwa.

Ranar Talata da la'asar ina zaune, ba iska, fanka a kashe, ganyen da ke ƙarshen reshen ya sauka a bayan hannuna, daidai inda kake taɓa ni in kana so mu tashi daga taro.

Na san mamaci ba ya dawowa. Amma na gane wannan taɓin, Malam, kuma na kusa miƙewa.

Shekara hamsin ina tashi duk sanda ka taɓa ni, da son raina kuwa. Wannan karon Allah ne kaɗai zai kira ni.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi, Ya sa ka daina jirana.

Jiya na wasa almakashi na cire reshen daga tushe, na shafe gurbin. Ka yi haƙuri, maigidana. Ina nan tukuna.

Matarka,
Hajiya Binta