Gwandar Dajin Inna Ta Nuna

Zuwa ga Ummulkhairi, sanyin idona, inuwar da nake nufa in rana ta take, wadda muryarta ta fi mini ruwan randa daɗi bayan doguwar tafiya. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin takarda, ina fatan kina lafiya, ke da kakarki Inna.

Masoyiyata, albishirinki! Gwandar dajin ta yi ɗiya, har ta fara ja.

Kin tuna ranar da motata ta mutu a bakin Tsafe, fasinja suna ta zagina, kika ciro wani abu mai ruwan ɗorawa daga jaka kika miƙo mini? Ni ɗan Gusau da na tashi a tasha, mangwaro da lemo kawai na sani. Na tambaye ki ko ana cinsa, kika yi dariya har kika rufe fuska da mayafi, kika ce gwandar daji ce. Na ɓare, na tsotsa, ƙamshin ya hau mini kai. Tun daga ranar, wallahi, ban sake zama mutumin kaina ba.

Sai kuma na tafka wautar da ta raba mu shekara biyu. Na zo gaishe da Inna da rani, na tarar ta tafi suna, na ce bari in gyara mata lambu ta san jikarta ta samu namiji. Na share, na cire ciyawa, na ga wani busasshen itace tsaye kusa da rijiya, na sa fartanya na tumɓuke shi har saiwa, ina ta jin daɗin kaina. Ina zan san gwandar daji ce, wadda takan zubar da ganye ta yi shiru sai ruwa ya sauka? Ina zan san marigayi kakanki ne ya ɗauko ta daga 'Yandoto ya dasa da hannunsa? Inna ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta dube ni kawai ta ce, "Wanda bai san mai kwana da matacce ba, ba ni ba shi jikata." Ta ce kada magabatana su taka ƙofarta sai na kawo mata ɗiyar itacen nan, wadda na yi rainonta da kaina.

Na ɗauki saiwar a bayan mota na kawo gida, na binne ta a bayan ɗakina. Wata uku ba ta motsa ba. Kowace safiya sai na durƙusa ina leƙen ƙasa, har mahaifiyata ta ce ko allura na yar. Da ta tsiro ganye biyu, ban ɓoye miki ba, kuka na yi.

Zaman jira ya mai da ni manomi. Na shuka yakuwa da kuɓewa da tumatir kewaye da ita, na kafa zogale a jikin katanga. Direbobin tasha yanzu Sarkin Noma suke kirana. Jiya na yi miyar yakuwa da kaina, tsami ya hana kowa ci sai ni, na cinye ina tunanin ranar da za ki tsaya a wannan madafar ki nuna mini inda nake kuskure.

Bana gwandar ta yi fure uku. Iska ta kaɗe ɗaya, tsuntsu ya lalata ɗaya, saura ƙwaya guda. Na lulluɓe ta da tsohuwar safa, na kewaye itacen da ƙaya saboda akuyar maƙwabta. Ya hasken raina, shin akwai wanda ya taɓa rataye aurensa a reshe mai kaurin ɗan yatsa in ba ni ba?

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan kawo ta, da kwandon kuɓewa na Inna. Ina roƙonki ki tausasa mini zuciyarta kafin in iso. In ta ci ta yarda, kawuna Malam Usman yana shirye ya zo ranar Asabar. In kuma ta ce ba ta kai zaƙin ta kakanki ba, kada ki yi kuka, kada ki zubar da ƙwayayen ciki. Ki tattara mini su a hankici, na riga na haƙa ramuka bakwai.

Naki, a damina da rani, har ƙarshen numfashi,
Sadiƙ