Mako a Nan, Mako a Can

Ka'akiyya, Makka
12 ga Rajab

Zuwa ga ƙanwata Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen Madina. Yaya ciwon gwiwar? Kada ki yaga takardar nan, na san halinki. Shekara uku ke nan ba ma magana, tun da auren 'yata Manar da ɗanki Abdulilah ya mutu muka ɗauki faɗan yara muka ɗora wa kanmu. Jikarmu Abir ma rabonki da ita tun tana goye.

Jiya Manar ta yi munaƙasha, wato ta kare bincikenta gaban malaman jami'a, kan yadda ake kafa iyali da yadda yake watsewa a ƙasashen da suka ci gaba. Ta ce a Italiya saurayi kan kai talatin yana cin girkin uwarsa. A Japan aure na raguwa, kuma in an rabu, sau da yawa uba ba ya ƙara ganin ɗansa. A Suwidin kuwa da yawa ba sa ma ɗaura auren, Allah Ya kiyaye, amma in sun rabu yaro kan yi mako wurin uwa, mako wurin uba. Wallahi sai da na ji jallabiyata ta matse ni don alfahari. 'Yar mai tura keken alhazai a Mina ce fa daktoci ke gyaɗa wa kai.

Ina juyawa sai ga Abdulilah a kujerar baya, Abir na kan cinyarsa tana wasa da gemunsa. Ashe shekara guda ke nan suna wannan mako-makon tsakanin Makka da gidansa na Jidda, suka ɓoye mana don tsoron bakinmu. Ba komawa za su yi ba, na tambaya. Amma ɗanki ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, kuma shi ma na yi alfahari da shi. Na ji kunya, ya ukhti, 'yar'uwata. Masu auren sun shirya, ni da ke kaɗai muka rage da gaba.

Juma'a mai zuwa makon ubanta ne, zai kawo miki ita a jirgin ƙasa. Ni ma na yanki tikiti. In kin ga dama ki bar ni a tsaye bakin ƙofa, amma yarinyar ta haddace sunanki, har ta zaɓi rigar da za ta sa.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Tsoho